Tekun Malam Ilu

Duk wanda ya san kakana, Malam Ilu mai hoto, ya san ba ya amsa sallama sai ya auna mutum. Kana cewa salamu alaikum zai ɗaga hannuwansa biyu, ya haɗa yatsu su yi kamar 'yar taga, ya kanne ido ɗaya ya leƙo ka ta ciki. Ya ja da baya kaɗan, ya karkata kai, ya ce, "Kar ka motsa." Sai ya gama ganin abin da yake son gani sannan ya sauke hannu ya amsa maka sallamar, wadda a lokacin ta riga ta huce. Haka yake yi wa mai unguwa, haka yake yi wa mai fura, haka ya taɓa yi wa wani jaki da ya tsaya shan inuwa a ƙofar shagonsa, har ya ce jakin ya fi rabin mutanen Daura iya tsayuwa. Yaran unguwa Karkamotsa suke ce masa. Ni da nake jikarsa ta wajen uwa Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'Yar Boko, tun ranar da na shiga aji ɗaya har ƙarshen rayuwarsa.

Shagonsa yana kan hanyar da ke kai mutum rijiyar Kusugu, kuma ban san gidan da babu aikin hannunsa ba, tun daga cikin gari har ƙauyukan Zango. Hoton suna, hoton saukar karatu, hoton wanda ya sayi keke yana so duniya ta shaida. Amma shi kansa, mutumin da ya ɗauki fuskar kowa, ba shi da hoto ko ɗaya. Wannan ce rigimar da ke tsakaninsa da kakata, Iya Hansai, tun kafin a haifi mahaifiyata.

Iya ba mace ce mai yawan buƙata ba. Sai dai mahaifinta ya rasu tana 'yar ƙarama, kuma takan ce duk yadda ta rufe ido ta nemo shi, rawaninsa take gani da carbinsa, fuskar kuwa ta tafi kamar an wanke ta da ruwa. Abin da take tsoro ke nan game da Tsoho. Hoto ɗaya take so, ko da bai wuce tafin hannu ba, ta ajiye a ƙasan kwallarta, ranar da ido ya nema a samu abin nuna masa. Duk Sallah sai ta tayar da maganar, duk Sallah kuma amsar ɗaya ce.

"Hansai, in na tsaya a gaban kyamara, wa zai tsaya a bayanta? To a ce ma an ɗauka. Wa zai gyara ni?"

Ku da kuka taɓa zama a gabansa kun san abin da yake nufi da gyara. Ɗaukar hoton share fage ne kawai. Idan ya wanke hoto ya bushe, sai ya jawo 'yan gwangwanayen fentinsa da wani siririn buroshi, a nan aikin gaskiya yake farawa. Buroshin ma ba ya saya, wai na kanti ba su da tarbiyya. Gemun bunsurun Iya yake yanka ya ɗaure a kan tsinke, har ta kai bunsurun in ya ji tarin Tsoho a zaure sai ya shige bayan rumbu. Da wannan gemun aro yake raba wa mutane abin da Allah bai riga ya ba su ba. Mai rama ya samu kumatu. Mai giɓi ya samu haƙora. Wanda bai taɓa ɗaura agogo ba ya tashi da agogo a hannu, kuma duk agogunan da Tsoho ya zana la'asar suke nunawa, domin a cewarsa lokacin ne kaɗai rana take yi wa fuskar mutum adalci.

An yi wani saurayi manomi daga Zango, siriri kamar sillen kara, ya zo ya ɗauki hoto ya kai gida. Washegari sai ga shi ya dawo ransa a ɓace, wai mahaifiyarsa ta karɓi hoton ta juya shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko sabon malamin gona ne aka kawo. Ya ce a ba shi hotonsa na gaskiya. Tsoho ya leƙe shi ta tagar yatsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hoton daidai yake, kai ne ka yi baya. Je ka ci tuwo ka kamo shi."

Abin mamaki, ya je ya ci. Bayan wasu shekaru mutumin ya yi ƙiba, ya yi wuya, har agogon ya saya. Duk ranar da ya gitta ta ƙofar shago a kan babur, Tsoho zai nuna shi da baki ya ce mana ga aikinsa can yana tafiya.

Amma abin da ya fi fenti da buroshi suna shi ne labulen. Wani ƙaton yadi ne mai kauri da ya rufe bangon shagon gaba ɗaya, wanda ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto. Tun yana saurayi Tsoho ya zana birnin Legas a kai, ko Ikko kamar yadda yake kiransa, alhali tafiyarsa mafi nisa a duniya Kano ce. Labarin 'yan cin rani ya ji, ya cike sauran da kansa. Akwai benaye masu tsawo, sai dai kowanne da zankwayensa a kai irin na sorayen Daura. Akwai wata doguwar gada, raƙumi yana tsallakawa a kanta da buhunan gero. Jirgin sama ya ratsa ta sama, fasinjoji sun leƙo ta taga suna ɗaga hannu. Ƙasa kuma ga teku shimfiɗe, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, igiyoyin ruwan a jere da irin adon da ake ƙona wa ƙwarya. A bakin tekun, daidai inda ruwa yake taɓa yashi, wata ƙatuwar bishiyar kuka ce take tsaye, da rumbu a gindinta.

A tsakiyar labulen, manne da shi, akwai kujerar katako mai dogon jingina. Kujerar nan ba ta motsi. Ya kafe ƙafafuwanta a ƙasa da ƙusoshi, kuma ko shara za a yi shi yake share bayanta da kansa. In mutum ɗaya ne ya zauna a kai, in taro ne babba ya zauna sauran su kewaye shi. Wasu abokan ango sun taɓa ƙoƙarin ciccibe ta don su samu wurin tsayuwa, ya kore su har titi da tsintsiya a hannu. In aka tambaye shi dalili sai ya ce nan ne haske ya yarda ya sauka, wanda bai gamsu ba ya je ya yi magana da rana.

Ni a gaban labulen nan na girma. Ina ƙarama nakan zauna a ƙasa in yi ta kallon ruwan har in ji kamar iska mai sanyi tana fitowa daga cikin yadin. Ranar da malamarmu ta firamare ta ce kowa ya zana teku, na zana shi da bishiyar kuka da rumbu, ina jin daɗin cewa ni kaɗai na san sirrin. Da ta tattara takardun ta tarar fiye da rabin ajin haka suka yi, wasu har da raƙumin. Kowa akwai tekun Tsoho a bangon ɗakin uwarsa, a bayan kan babansa ko yayansa. Malamar ta yi ta bayani cewa teku ba haka yake ba, mu kuwa muna ta tausaya mata, don mun san ita ba ta taɓa ganinsa ba.

Mutum ɗaya ne a layin ya taɓa ganin Legas da idonsa, shi ne Emeka, maƙwabcin shagon Tsoho mai sayar da kayan gyaran babur. Ya zauna a can kafin ya dawo Daura, Hausa kuma a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Kusan kullum da hantsi sai sun yi musu a kan labulen, suna cin gyaɗa daga faranti ɗaya. Emeka ya rantse babu raƙumi a kan gada. Tsoho ya ce mutumin da ya fita da sassafe yana gudun neman abinci ba zai lura da raƙumi ba ko da ya taka shi. Emeka ya ce to bishiyar kukar fa, ai ba ta fitowa a bakin ruwan gishiri.

"Baba, wallahi babu ita. Na je bakin tekun nan ba sau ɗaya ba."

"Na yarda babu ita a inda ka je," in ji Tsoho. "Da akwai inuwa irin wannan a can, ai da ba ka kwaso kayanka ka dawo Daura ba."

Emeka ya ci gaba da ɓarar gyaɗa. Da Kirsimeti ta matso wata shekara bai samu zuwa gida ba, sai ya sa kwat ɗinsa ya shigo a sace ya zauna a kan kujerar, aka ɗauke shi, aka gyara shi, ya aika wa mahaifiyarsa. Saƙon da ya dawo masa shi ne, ashe akwai unguwa mai kyau haka a Legas, duk zuwan da ta yi wurinsa bai taɓa kai ta ba, sai cikin hayaƙi da cunkoso? Tsoho ya yi shekara yana ba da wannan labari, duk bayarwa kuma sai ya ƙara wa tsohuwar tsawon faɗa.

Sai kuma ragon Ɗanladi. Wannan kafin waya mai hoto ta cika gari ne. Ɗanladi mutumin Mashi ne, ya kiwata rago don Babbar Sallah, wani Alhaji a Kano ya ce a aiko masa da hotonsa ya gani kafin ya taso. Aka kawo rago a kan babur, Ɗanladi ya zauna a kujera ya riƙe igiya. Rago ne mai kyau daidai gwargwado, ƙahonsa ɗaya dai ya ɗan fi ɗaya gajarta. Tsoho ya shiga bayan kyamara ya ce kar a motsa. Ɗanladi bai motsa ba. Ragon kuwa ya waiwaya ya ga gefen labule yana lilo, ya kama ya tauna, kafin a ankara ya cinye hawa biyu na wani bene. Har yau gurbin yana nan, an yi masa faci da buhu, Tsoho ya zana masa katanga ya ce filin wani attajiri ne da bai fara gini ba.

Duk da ɓarnar bai riƙe ragon a zuci ba, ya yi masa gyaran da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ƙahonin suka murɗe suka sake murɗewa, geza ta sauko har gwiwa, idon ya yi wani kwarjini kamar na alƙali. Alhaji na ganin hoton ya taso da mota tun daga Kano. Ya isa Mashi aka fito masa da rago. Ya dubi rago, ya dubi hoto, ya ce a daina yi masa wasa a fito da babban. Ɗanladi ya rantse shi ke nan. Alhaji ya ce an sayar wa wani da nasa ne aka kawo masa ƙaninsa, ya shiga motarsa ya tafi, hoton ma bai mayar ba. An ce har gilashi ya sa masa ya rataye a falo.

Ɗanladi ya iso Daura yana huci. Tsoho ya bar shi ya gama, ya miƙa masa ruwa, sannan ya ce, "Ni abin da ragon nan ya yi niyyar zama na zana. In bai cika alkawari ba, da shi za ka yi, ba da ni ba."

Ƙarshe dai Ɗanladi shi ya yi layya da abinsa. Daga baya yake faɗa wa Emeka cewa abin da ya fi ba shi haushi, tun da ya ga hoton shi ma ragon ya daina cika masa ido. In ya shiga garke ya dube shi sai ya ji kamar an cuce shi.

Da labarin ya iso gida kowa ya yi dariya ban da Iya. Tana tsince wake ta ce, ba tare da ta ɗago ba, yanzu rago ma yana da hoto a falon Kano, ita kuwa mijinta ko a ƙasan kwalla babu shi.

Daga nan ta daina roƙo ta koma dabara. Lokacin da aka zo yin katin shaida ta yi murna har da rabon ƙosai, don ta san hukuma ba a ce mata wa zai gyara ni. Tsoho ya je, ya bi layi lafiya lau. Da aka zo kansa ya zauna, sai ya fara koya wa ma'aikaciyar aikinta. Ya ce an sa fitila a inda bai dace ba, farin ƙyallen da ke bayansa kuma ko tsuntsu babu a kai, wannan ai wulaƙanta fuskar mutane ne. Baiwar Allah ta gaji ta ce, "Baba, don Allah kar ka motsa." Aka ce ya zabura kamar an mare shi, don tunda yake ba a taɓa mayar masa da kalmarsa ba. Yana juyowa zai tambaye ta wa ya ba ta izini, ta danna. Da katin ya fito, hula ce a sama, ƙasanta kuma wani duhu kamar gindin tukunya, da kunne ɗaya a gefe. Iya ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana dubawa, ta mayar masa ta ce ita ba ta auri wannan ba. Tsoho ya fi kowa farin ciki. Ya riƙa yawo da katin a aljihu yana nuna wa mutane abin da ke faruwa idan aka bar hoto babu gyara.

Da wayoyi suka zo Iya ta ɗauke mu aiki, mu jikoki, ladanmu dambun nama. Amma Tsoho yana jin idon kyamara a jikinsa yadda zabuwa take jin motsin mutum a gona. Ko ta bayan taga ka ɗaga waya, kafin ka danna hannuwan nan sun riga sun hau fuska. A wayata kaɗai akwai hotunansa da yawa, dukkansu yatsu ne da ido ɗaya yana harara ta tsakiya. Wayar ma kanta bai ɗauke ta a bakin komai ba. Da na nuna masa yadda take goge ƙuraje ta ƙara wa fuska haske, sai ya ce wannan ba gyara ba ne, wanki ne, kowa ta mayar da shi ɗan uwan kowa. Shi in zai ƙara wa mutum kumatu, sai ya san uwarsa da ubansa ya san irin kumatun gidansu.

Da na gama jami'a aka tura ni bautar ƙasa Legas. Kowa ya yi ta jajanta mini nisa, ni kuwa a raina murna nake yi, zan je in ga tekun da na girma a gabansa. Asabar ɗin farko na roƙi wata ƙawata ta kai ni. Muka sauka daga mota, na taka yashi, na ɗaga kai.

Toka-toka ne. Ba shi da ado ko kaɗan, sai ruri yake yi yana tara kumfa kamar an zuba masa sabulu, ga ƙarnin kifi, ga rana babu wurin fakewa. Na san babu bishiyar kuka, na yi karatu, na ga hotuna a littafi da talabijin. Amma wallahi sai da idona ya je gefen dama ya neme ta. Da bai same ta ba na ji kamar na je gidan ƙawa na tarar sun tashi.

Dama mun shirya da Iya cewa zan kira ta kiran bidiyo daga bakin ruwan, ta miƙa wa Tsoho wayar, yana shagala da kallon teku ni kuma in ɗauke fuskarsa daga nan. Na kira, ta miƙa masa. Abin da ya bayyana a wayata babban yatsansa ne, ya danne idon kyamarar tun kafin ya ce uffan. Na juya masa ruwan. Ya ƙura wa ruwan ido, ina jin numfashinsa.

"'Yar Boko, matsa dama." Na matsa. "Ina inuwar?"

Na ce babu. Ya tambayi gadar da raƙumin, na ce gada tana can wani wuri, raƙumi kuwa ban gani ba tukuna. Ya tambaya ko launin nan haka yake kullum ko yau ne bai da lafiya. Na ce haka na same shi.

"To ai ba a gama shi ba," ya ce. "Ruwa kawai aka zuba aka tafi. Ki yi haƙuri ki gama aikinki ki dawo gida ki ga na gaske."

Na yi dariya har na zauna a kan yashi. Bayan ya kashe wayar na daɗe a wurin. Can na ga hannuwana sun ɗagu da kansu, na haɗa yatsu, na kanne ido ɗaya. A cikin 'yar tagar nan sai ga wani kwalekwale can nesa, rana ta fara sauka a bayansa, ruwan ya ɗan yi shuɗi daga gefe. La'asar ce. A ranar na fara son tekun Allah, amma ta tagar Tsoho na shiga.

Na dawo Daura ba da daɗewa ba ya kwanta. Ciwon bai ja lokaci ba, kuma bai hana bakinsa aiki ba, don ko likitan da ya duba shi sai da aka ce masa kar ya motsa. Wata rana da rana ina yi masa fifita, Iya ta zauna a bakin gadon. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi dabara ba. Ta ce masa a hankali ga wayata nan, ya bari a ɗauka sau ɗaya, ko bai gyaru ba tana so haka nan. Ya dube ta da idanu biyu, abin da ba kasafai yake yi wa kowa ba.

"Hansai, kin cika gaggawa. Na yi miki tuntuni. Bai gama bushewa ba ne."

Muka ɗauka zafin zazzaɓi ne. Iya ta gyara masa mayafi ta fita tsakar gida, na ji tana yi wa bunsuru faɗan da ba shi ya jawo ba. Bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

An yi zaman makoki, mutane suka zo daga ko'ina, kowa da labarin kumatun da aka ƙara masa. Iya tana amsa gaisuwa tana murmushi, amma ni da nake kwana a ɗakinta na san abin da ke damunta. Wata safiya ta ce mini fuskarsa ta fara ɓace mata. Ta rufe ido ta neme shi, hular ta zo, tarin ya zo, hannuwan nan biyu suka zo, amma sai da ta yi da gaske kafin hancin ya fito.

Da ta fita takaba wanda ya ba Tsoho hayar shagon ya nemi wurinsa. Iya ta ce ba ta son kyamara ba ta son gwangwanaye, labulen kawai za a kawo mata. Ta ce kuma da ita za a je, ita da ba ta fi a ƙirga zuwanta shagon ba. Muka tafi da hantsi. Labulen ba ya ciruwa sai an kawar da kujerar, don jinginarta ta danne shi da bango. Emeka ya shigo da abin cire ƙusa, ya durƙusa yana aiki yana share ido da kafaɗa, wai ƙura ce. Ƙusoshin suka fita da ƙyar. Ya ja kujerar gefe.

A bayanta, a wurin da jinginar ta rufe shekara da shekaru, akwai kwalekwale a kan shuɗin ruwan. Faɗinsa bai fi faranti ba. Mutum biyu ne a ciki. A gaba wata yarinya ce da lalle a hannu, da 'yan kunnen zinariya, da wushiryar da na sani a bakin Iya. A bayanta wani mutum ya riƙe sandar tuƙi da hannu biyu, fuskarsa a buɗe, idanunsa duka biyu a kanta.

Ba a gyara shi ba ko kaɗan. Ga manyan kunnuwan nan kamar marfin tukunya, ga hancin da ya ɗan karkata hagu, ga giɓin, ga hular da ba ta taɓa zama daidai ba. Na matsa kusa na ga fentin gemun ya yi tudu. Ta gefe ana hango baƙi a can ƙasa, toka-toka a kansa, fari fat a sama. Ashe duk shekarun nan in ya rufe shago yakan zame yadin gefe, yana bin kansa da buroshi yana tsufar da kansa, har layukan goshi yana ƙarawa. Ita kuwa bai taɓa ta ba, ya bar ta yadda aka kawo masa ita.

Emeka ya zauna a ƙasa ya ce ashe duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan, Baba yana bayansa. Har mahaifiyarsa da ke can gida tana da shi a bango ba ta sani ba. Har Alhajin Kano.

Iya ta durƙusa a gaban yadin. Ta ƙura wa kwalekwalen ido, ina tsoron kada ta faɗi. Can sai ta ja tsaki.

"Ku dubi mutumin nan don Allah. Ya san ko rafi ba na iya tsallakawa, ya ɗauke ni ya ajiye a tsakiyar ruwa tun ina amarya, ko ya tambaye ni."

Muka fashe da dariya, ni da Emeka, irin dariyar da take zuwa da hawaye a gindinta. Iya ma ta yi. Ta ce kunnuwan dai nasa ne, babu mai ƙwace masa. 'Yan kunnen kuma da ya saya mata su da gaske da ya fi. Sannan ta miƙa yatsa ta taɓa farin gemun a hankali, ta duba kan yatsan nata.

"Ya bushe, Malam," ta ce.

Labulen yana ɗakinta yanzu, ya rufe bango guda, da facin rago da komai. Ta sa an matsar da gadonta yadda in ta farka kwalekwalen ne a saitin idonta. Jikoki ƙanana suna zama a gabansa yadda na zauna, kuma na tabbata akwai malamar da za ta sha wahala da su nan gaba.

Allah ya jiƙan Tsoho. Ya rayu yana duban bayinka yana ganin abin da ya fi kyau a gare su, ya Allah ka dube shi da idon rahama, ka shafe masa kurakuransa, ka cike masa inda ya gaza. Ka ba shi inuwa mai sanyi a bakin ruwan da ya fi nasa kyau. Ka ƙara wa Iya haƙuri da hasken ido, ka sada su a inda babu rabuwa. Amin.